Notin da Ya Wanke Auta

Ɗana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ka lafiya, kai da iyalinka. Allah Ya ƙara maka lafiya, Ya tsare ka a inda kake neman halalinka. Mu nan duk ƙalau muke. Gwiwar babanku ta yi sauƙi har yana taka ƙafa zuwa bakin titi, yayarka kuma ta koma aiki bayan hutun haihuwa, jaririn sai ƙiba yake yi. Na zaɓi in rubuto maka ne domin a waya ba ka barin mutum ya kai ƙarshen zance, takarda kuwa ba za ka iya katse ta ba.

Maganar jar motarka ce, wadda ka bar wa ƙanwarka Auta amanarta. Ka tuna da ta gaya maka sitiyarin yana wasa, kai ka ce ta duba, ta canja tayarod biyu da suka tsufa, wato ƙarafan da ke haɗa sitiyari da tayoyi, amma wasan bai tafi ba. Sai ka turo abokinka Ɗan Gayu. Ya zagaya unguwa sau ɗaya, ya dawo ya ce yarinya ta kashe mota, wai irin wannan motar gudu ba a ba wa mai koyo, balle mai lalle a hannu. Bai tsaya nan ba, har garejin da take aiki ya je ya faɗa. Maigidanta na garejin ya ce ta dakata da taɓa motocin mutane, ta koma wankin ƙarafa, sai an ga gaskiyar lamarin. Kai kuma daga can ka bugo kana cewa a karɓe makulli a hannunta, ba ka ko tambaye ta ba. Kwana uku yarinyar nan tana juya cokali a kwano ba ta ci. Ka sani ni ce na fi kowa ƙin wannan sana'a tata tun farko, amma ban haifi ɗan da za a yanke wa hukunci ba a ji ta bakinsa ba.

Ranar Talata na yafa mayafina na ce ta tuƙa mu zuwa garejin, na aika a kira Ɗan Gayu. Ita wannan mota taka, shigarta kamar zama a kan tabarma ne, sai da Auta ta riƙe min hannu. A hanya na ga abin da idona: tana karkaɗa sitiyari hagu da dama, mota na tafiya abinta kamar ba da ita ake ba. Da muka isa na gaya wa maigidan ban zo roƙo ba, na zo a gwada ne a gaban kowa. Idan aikinta ne ya ɓata motar, da hannuna zan kwashe sifanunta in kai gida. Ya yi dariya ya ce Hajiya ta zo da shari'a, ya ba mu ramin da ake duba ƙasan mota.

Auta ta ɗora motar a kan ramin, tayoyi a ƙasa, ta kashe inji, ta zaunar da ni a kujerar direba. Ta ciro allin ɗinkina daga jakata ta yi zane a saman sitiyari, ta ce in riƙa juya shi a hankali har in ji ya cije. Mun auna, faɗin yatsu huɗu yake tafiya kafin taya ta motsa. Sai ta sauka ramin, ta ce wa Ɗan Gayu bismillah, ya sauko ya dafa da hannunsa tunda shi ne masani. Ya dubi farar rigarsa, ya dubi ramin, makanikai suka fara yi masa tsiya wai ko a shimfiɗa masa darduma, dole ya sauka. Ina juyawa, tana ɗora hannunsa a kan kowace gaɓa, tayarod na hagu, na dama, duk gam suke. Ta nuna masa cewa ƙarfen da ke shiga akwatin sitiyari daga sama ma ba ya motsi sa'ad da nake juyawa, ke nan ciwon yana can sama, inda ita ba ta taɓa sa hannu ba.

Ta fito ta kwanta a ƙafafuna da tocila, kanta a ƙarƙashin sitiyari, sama da birki, ta ce in ci gaba. Can na ji ƙas, ƙas. Akwai gaɓar da ke haɗa sandar sitiyari da ta ƙasa, noti ɗaya ne ke matse ta, shi ne ya saki har haƙoran ƙarfen sun fara cinyewa. Ta kwance shi ta miƙa wa maigidanta. Ya juya shi ya ce wannan ai ba na mota ba ne, ya yi siriri, wane mara tsoron Allah ne ya ɗaura shi a nan? Na ce a ba ni in gani. Ɗana, koren fenti ne a kansa. Notin ƙafar keken ɗinkina ne, wanda ya ɓace shekara biyu da suka wuce, a satin da ka kwance cikin motar nan kana jan wayoyin waɗancan lasifikokin masu hana unguwa sakat. Na tambaye ka a lokacin, ka ce wataƙila an share shi. Shekara biyu ina ɗinki da kwali a ƙarƙashin keke!

Maigidan ya ce da gaɓar nan ta zame ana cikin gudu, sitiyari zai riƙa juyawa a hannun mutum kamar faifai. Ka tuna gudun da kake yi, ka tuna sau nawa ka ɗauki babanku a ciki. Wannan shi ne halinka tun kana ƙarami, ka yi abu rabi da rabi, ka rufe, ka ce ai ya yi. Gaggawa da ƙarya ƙarama su suka kusa jawo mana kuka, sannan ka ɗora wa ƙanwarka.

Auta ta sa sabuwar gaɓa da notinta na asali, ta ɗaure da sifana mai awo, ta sake zana alli. Ko faɗin farce bai kai ba, taya ta amsa. Maigidan da kansa ya fita da motar, ya dawo ya ce ko da yatsa ɗaya ana tuƙa ta. A gaban yaransa duka ya ɗauko makullin wata baƙar mota da ta gagare su tun makon jiya ya jefa wa Auta. Ɗan Gayu kuwa, da baƙin mai har gwiwar hannu, ya ce dama shi ma ya yi zargin wajen. Ni dai na ce ya gaida mahaifiyarsa. A hanyar gida na ce ta ɗan taka totur in ji abin da kuke ji. Kada ka gaya wa babanku.

Makulli yana hannun Auta, kuma nan zai zauna. Ka rubuto mata ban haƙuri da hannunka, ka kuma kira maigidanta ka gaya masa wanda ya ɗaura notin, tunda ni ban faɗa ba, na bar maka. Babanku yana gaishe ka, da yayarka da mijinta, da gwaggonka. Ka gaida matarka, ka shafa min kan jikata. Auta ba ta ba da saƙon gaisuwa ba, ban kuma matsa mata ba.

Allah Ya shirye ka, Ya yi maka albarka.

Ni ce,
Mahaifiyarka