Hatsin da na shuka a filin jirgi

Tudun Gawo, ta Kore Mairuwa
9 ga Satumba

Zuwa ga ƙanena Félix,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu, tare da fatan wannan takarda ta same ka lafiya, kai da matarka Sandrine da jinjirinku Rodrigue. Ina roƙon Allah ya tsare ku a can Njamena, ya sa albarka a aikinka na gyaran jirage. Mu nan muna lafiya gwargwado. Inna tana cin abinci, ƙugun nan nata ne dai ba ya barin ta ta daɗe a zaune. Ruwa ya yi kyau bana, gonakin mutane sun yi baƙi ƙirin har bakin hanya.

Na ji saƙon muryarka. Sau biyar na saurare shi, kuma duk lokacin da na danna don in amsa sai in ajiye wayar. Tambaya ɗaya ka yi: ba ni ce na ce maka filin jirgi yana nan lafiya lau ba? Ni ce. Shi ya sa na ɗauki biro, don takarda ba ta ganin fuskar mutum.

Ka san yadda Baba, Allah ya ba shi hutawa, ya riƙe filin nan shekara talatin. Shi ke tumɓuke sabara, ya cike ramukan gara, ya shafa wa duwatsun gefe farar ƙasa, ya ɗinke tsumman nan mai kama da ƙafar wando da ke nuna inda iska ta dosa. Kai kana bin sa da bokiti kana zubar da rabi, daga nan kuma son jirgi ya kama ka. Da ya rasu na ɗauki aikin ba wanda ya sa ni. Ka kuma san jirgin lokotoron ido, wato likitan ido da mutanensa, bai taɓa zuwa ba sai da rani, bayan an kai hatsi rumbu. Zuwansu na ƙarshe suka duba Inna suka ce yanar idonta ba ta nuna ba tukuna, a bari sai baɗi a cire. Baɗin nan yau shekara biyar ke nan. Yanzu yanar ta rufe mata ido biyu, hoton Rodrigue da ka aiko ma a juye take riƙe shi tana yi masa wasa. Kai ta asibiti a mota kuwa ka san labarin: bara ko Dogon Dutsi ba mu kai ba ta suma don ciwon ƙugu, muka juyo.

Abin da ban faɗa maka ba shi ne kori, ruwan nan mai gudu da damina, ya cinye rabin gonarmu, ya bar mana yashi da duwatsu. Tun watan Maris nake share gindin rumbu. Ran da ruwan shuka ya sauka na tsaya ina kallon filin nan, ƙasa ta huta tun kafin a haife ka, shanun Fulani sun kwana a kanta rani bayan rani. Na ce a raina jirgi ba ya zuwa da damina, in ma zai zo. In shuka, in girbe, in share kara kafin Nuwamba, wa ya sani, wa aka cuta? Maƙwabcinmu Gado ya ce in dakata in tambaye ka. Na ce masa ƙanena ne, ni na goya shi, ba zan nemi izininsa ba kafin in ciyar da uwarmu. Na shuka tun daga sandar tsumma har dutsen ƙarshe. Félix, tun da nake ban taɓa ganin hatsi irin wannan ba, ya fi Gado tsawo.

Da ka kira ni a watan Yuli kana tambayar filin, kunya ce ta kama ni. Na ga kamar Baba ne ke tambaya. Ka ce kana roƙon wani matuƙi, in Allah ya yarda za a zo, ni kuma na ɗauka rani kake nufi kamar kullum. Na ce lafiya lau, na sako zancen ruwa. Ban san a kan wannan kalmar tawa za ka tsaya gaban mutane ka ba su tabbaci ba. Saƙonka na ranar zuwansu kuma sai da ya kwana huɗu a hanya don babu rezo, waya ba ta kamawa, ya iso bayan komai ya wuce.

Ranar Talata ce da hantsi, hatsi ya yi bununi. Inna ce ta fara jin ƙarar jirgin, ka san kunnenta. Ta ce in ɗauko mata zanen Kirsimeti da ƙunshin kayanta, mutanenta sun zo. Na fita da gudu ba takalmi. Ya zagaya sau uku, na ukun ya yi ƙasa har na ga fuskar matuƙin yana leƙe. Duk gari ya fito ana ɗaga hannu. Gado da mazan unguwa suka faɗa cikin hatsin da adduna, wasu suna tattakewa da ƙafa, amma me za a sare cikin minti goma? Jirgin ya karkata fiffike ya yi gabas. Na dawo gida na iske Inna zaune bakin ƙofa ta ɗaura kallabi, ƙunshi a cinya, tana tambaya ko sun sauka.

Washegari na sa aka sare hatsin duka. Matar Gado, Sahura, ta riƙe hannuna tana kuka, ta ce in bar shi sati uku kawai ya nuna, ihu bayan hari ba ya mayar da komai. Ban ji ba. Na ɗauka jirgin zai dawo cikin satin. Kwana uku muna sara, muka ba dabbobi ɗanyen kara, na tumɓuke gindin, na daidaita ƙasa, na shafe kowane dutse. Sai ga saƙonka cewa wannan ce tafiyarsu ta ƙarshe, ƙungiyarsu ta sayar da jirgin, don kai kaɗai matuƙin ya ratse ta nan. Ga ni yanzu ba tsuntsu ba tarko. Abin da za mu ci bana Allah ya sani, amma ba wannan ke cin raina ba. Ni na hana uwarmu gani, kuma na ba ka kunya a wurin aikinka. Ba na jin akwai gyara, ban ma san me zan roƙa in na durƙusa ba.

Abu biyu nake so. Ka gafarta mini in za ka iya, in ba yanzu ba ko wata rana. Na biyu, in ka kira Inna kada ka faɗa mata an sayar da jirgin. Ba ta san da shukar ba, mutanen gari sun rufa mini asiri. A ganinta farar ƙasar ce ta koɗe, suka kasa gane wurin daga sama. Kullum da safe sai na ɗora ta a amalanken Gado na kai ta filin, tana shafa duwatsun ɗaya bayan ɗaya tana murza yatsa, in ta ji garin farar ƙasa ta ce madalla.

Ka gaida Sandrine, ka ce ina yi mata sannu da raino. Ka shafa mini kan Rodrigue. Gado da Sahura suna gaishe ku, haka ma mutanen majami'a. Allah ya haɗa fuskokinmu.

Yayarka,
Marguerite

Ina naɗe takardar Inna ta ji motsinta, ta tambayi wa nake rubuta wa. Ta ce in faɗa maka ka gaya wa mutanen jirgi su dawo, ita a shirye take, filin kuma yana nan lafiya lau. Wannan karon gaskiya ne.