Ba Laifin Kawu Gaji Ba Ne

Parakou, 9 ga Agusta

Baba,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da Inna. Yaya ƙafar taka? Yaya damina a Kolokondé?

Na kasa faɗa maka wannan a waya, shi ya sa na rubuto. Ka tuna irin ciyawar da na kawo muku daga wurin aikinmu, ranar da na tsaya gaban makiyaya ina cika baki cewa tsutsa ba za ta taɓa ta ba? Akwai wata fumfuna da ke rayuwa cikin ciyawar, ido ba ya ganinta, ita ke hana ƙwari ci. Amma zafi yana kashe ta tun tana cikin iri. An gargaɗe ni in ajiye shi a firigo, cikin sanyi. Baba, a shagon ƙawata na Djougou na bar buhun, ƙarƙashin rufin kwano, Maris da Afrilu cur, ina can ina hidimar biki.

Da tsutsa ta cinye filin, aka ce Kawu Gaji ne ya yi shuka a makare. Ina tsaye Chaibou, ɗaya daga cikin makiyayan, ya ce masa tsufa ya kama shi, mutane suka yi dariya, ni kuwa na yi shiru. Mutumin da ya yi shekara talatin yana kiwon shanunka!

Jiya na gwada ragowar irin. Babu fumfuna mai rai ko ɗaya. Ka yafe mini.

'Yarka,
Kadidjatou

Parakou, 23 ga Agusta

Baba,

Ina gaishe ka, ina gaida Inna. Na ji daɗi da ƙafar ta yi sauƙi.

Saƙonka ya iso. Ban zaci za ka sa a karanta wa Kawu Gaji takardata ba. Ka ce tun ranar shuka ya ji buhun da warin shago, ya gane an bar shi a zafi, amma ya haɗiye dariyar mutane don kada su ce karatun 'ya mace banza ne.

Ya ce in bar maganar ta wuce. Ba zan bari ba. Ranar kasuwa ina tafe. Ka tara mini waɗanda suka yi dariyar, har da Chaibou.

'Yarka,
Kadidjatou