Ƙasar Tsohon Filinmu Na Nan Tafe

Zuwa ga Yaya Kanji,

Gaisuwa mai tarin yawa daga ƙaninka Tomekichi, wanda har yau ba a haifi kyakkyawa kamarsa ba a garin nan. Ya jikin naka? Allah ya ƙara sauƙi, ya sa ƙafar nan ta daina kumburi. Mu nan lafiya lau. Matata Fusae na nan da mitarta, wai na cika cin shinkafa, ni kuwa nace mata babban injin sai da mai. Kai haƙuri da rubutun, ka san ni da biro ba ma ga maciji.

Yaya, maganar filin ƙwallon besbol na jami'a gaskiya ce. Sun koma sabo mai ciyawar roba, namu kuma wajen ajiye motoci zai zama. Filin da Baba ya yi wa dakon baƙar ƙasa a keken shanu! Filin da muka shuka dankali bayan yaƙi, ya ciyar da unguwa guda! Shekara talatin ina share shi, ko sumar kaina ban gyara haka ba, shi yasa ta gudu.

A takardarka kace abu ɗaya ke cinka tunda ka tafi Burazil: ran da aka cinye ku a wasanka na ƙarshe, kowa ya durƙusa ya ɗebi ƙasar filin a jaka yadda aka saba, kai ko zuciya ta ɗebe ka ka fice hannu rabbana. To ka kwantar da hankalinka. Ran Talata na je, mai gadi yace an rufe, ba shiga. Nace masa tun yana zanen goyo nake ban-ruwa a nan, in ya isa ya kama ni. Ya bi ni, amma ina! Tsohon doki mai wayo ne. To gaskiya dai santsi ne ya kwashe shi. Na cika bokiti daga kan tudun da kake tsayawa kana jifan ƙwallo, sannan na rusuna wa filin a madadinka.

Sai ga wata sabuwa. A gidan waya suka ce doka ta hana ƙasa ƙetare teku, wai saboda ƙwari. Fusae tace in haƙura. Ni? Na kwashi bokitina sai wajen Genzo maginin tukwane. Yace ƙasar yashi ya yi mata yawa, za ta fashe a wuta. Nace ya haɗa da yumɓu. Uku suka fashe, na zaune masa a ƙofa har na huɗun ya fito. Na koma gidan waya na dangwara musu kofin shayi, nace su nuna min ƙwaron. Suka buga hatimi.

Yana hanya, Yaya. Ya ɗan karkace, kamar jifanka na ranar. Ka sha shayi a ciki, ka daina cewa ka baro filin hannu wofi.

Ka gaida matarka Yaya Sumie, da ɗanka Haruo da matarsa, da jikoki duka.

Naka, gwanin gwanaye,
Tomekichi