Na Koya Masa Gudun Nuzla, Ya Je Ya Yi a Amurka

Hajiya Dela, ki agaza mini da shawara, kaina ya ɗaure.

Shekarata ashirin da shida ina tuƙa iyalin kafilina, wato ubangidan da ya tsaya mini, a unguwar Abhur, nan ƙasa mai tsarki. Ɗana Rilwanu a unguwar Nuzla, inda muke zaune, aka haife shi. Tun kafin iƙamarsa, wato takardar izinin zama, ta fito na koya masa abin da iyaye da yawa a unguwarmu ke koya wa 'ya'yansu: in ka hango masu binciken takardu, kada ka tsaya tunani, juya ka faɗa lungu. Yaro mai biyayya, ya haddace.

Na ci wuya na tura shi karatu Amurka, don dai ya zauna inda ba a san tarhil ba, wato tasa ƙeyar baƙo zuwa ƙasarsa. Ashe suna da nasu, suna ne kawai ya bambanta. Watan jiya ɗan sanda ya nemi ya tsaya saboda fitilar motarsa ta baya ta mutu. Sai ya tuna tarbiyyar ubansa, ya karya kan mota ya faɗa lungu. Lungun can kuwa babu maƙwabciyar da za ta buɗe maka ƙofa. Yanzu yana tsare, kuma ashe izinin zamansa ya ƙare tun bara, bai faɗa mini ba.

Abokinsa Othman ya ce a jihar da aka kama shi, doka ta sa gidan yari ya riƙe baƙo har jami'an shige da fice na tarayya su zo su ɗauke shi. Jihar da ke ƙetaren gada, tafiyar minti ashirin, ba ta yin haka. Ko gudun ma ba a jihar da ta dace ya yi ba. Ban ga laifinsu ba fa, ƙasarsu ce, kuma yaron ya yi ganganci.

An sa masa beli. Uwarsa Luba ta cire awarwaronta ta ajiye mini a gaba, ta ce halas, magana ta ƙare, in sayar in fito mata da ɗanta. Othman kuma ya ce ranar da aka biya, ranar za a miƙa shi ga jami'an tarayyar. Iƙamarsa ta nan ta mutu, fasfonsa na Najeriya ne, ƙasar da sau ɗaya ya taka, yana goye. Ni da nake mafarkin garinmu Funtuwa kullum ban samu tafiya ba, shi za a kai kyauta. In biya ko in bari?

Direban Abhur

Malam Direba, Allah ya sassauta.

Kada ka biya tukuna. Nemi lauyan da ya san harkar shige da fice a wannan jihar, ba na laifin mota kaɗai ba. Dokokin sun bambanta daga jiha zuwa jiha, wani lokaci ma daga gunduma zuwa gunduma, kuma Othman aboki ne, ba lauya ba. Ni ma ba lauya ba ce. A fara bincika ko tarayyar ta riga ta nemi a riƙe mata shi. Kafin nan, Rilwanu kada ya sa hannu a takardar da bai fahimta ba.

Luba tana da gaskiyarta, kwana ɗaya a tsare shekara ne a wurin uwa. Amma ka zaunar da ita ka faɗa mata abin da ke bayan ƙofar da take son a buɗe. In awarwaron zai tafi, ya tafi wajen lauya.

Ka daina zargin kanka. Ka koya masa abin da ya tsare shi a Nuzla. Ɓoye maka batun izinin kuwa nasa ne, ya ɗauki kayansa.

Sannan ka kira 'yan'uwanka na Funtuwa su share ɗaki. In ba a buƙace shi ba, alhamdulillahi. In an buƙata, nemi hutu wurin kafilinka ka riga shi isa, ka tarbe shi a filin jirgi. Ka koya masa gudu, saura ka nuna masa gida.

Allah ya fito da shi lafiya.

Hajiya Dela