Kason Lunis

Asabar, 21 ga Satumba

Na wasa wuƙaƙe yau, alhali saura kusan wata guda a yi watanda. Hannun ne ya ƙi zama. Matata Farruja ta leƙo daga ɗakin girki ta ce, "Mukran, dutsen kake so ka cinye ne?" Na ci gaba da wasawa.

Bari in rubuta yadda ake yi, tunda an fara maganar taɓa shi. Idan za a fara huɗa, gari yana sayen shanu tara a yanka a dandali, ni nake kasa naman tun gemuna yana baƙi. Kowane rai da kasonsa: jaririn da aka haifa da safe, da na ciki, da waɗanda ke Faransa, danginsu su karɓa musu. Wanda ya mutu a shekarar, nasa ana ajiye shi a kan falalen dutsen da ke bakin marmaro, sadaka, mai wucewa ya ɗauka.

Gidana kaso huɗu ne. Ni, Farruja, 'yarmu Tiziri, da ƙanenta Lunis. Shekara ta uku ke nan da Lunis ya shiga kwale-kwale daga gaɓar tekun Bijaya, zai tsallaka ƙasar Turawa. Ba waya, ba gawa. Duk shekara ina ɗauko kasonsa, uwarsa ta yanyana shi ta sa gishiri ta shanya, yana nan rataye yana jiransa. Wanda aka kasa wa nama a sahun masu rai, mai rai ne. Iyakar abin da na sani ke nan.

Talata, 24 ga Satumba

A gidan gahawa rediyo ya cika mana kunne da 'yan majalisa, suna ta zage-zage a kan naman shanu. Wani ya ce saniya ta fi gida guda shan ruwa, wai har gyatsarta tana ƙara wa duniya zafi. Wani ya ce ƙarya ne, makircin Turawa ne, sun ƙoshi suna so mu yi azumi.

Dda Akli (Dda muke ce wa dattijo a nan, don girmamawa), abokina tun muna kiwon awaki, ya yi dariya har da tari. "Kai, Mukran! Ashe mu ne muka ƙone duniya, mu da ƙashi ɗaya yake yi mana miya uku?"

Na yi dariya ni ma. Da na fito sai ga fuskar 'yata manne a ƙofa. Dakta Tiziri, 'yar takarar kansila. A ƙasa an jera abin da take so: a fitar da shanu daga dajin da ya ƙone, a rufe rijiyar burtsatsen garken Si Rabah da ke tsotse marmaro, a rage shanun watanda daga tara zuwa uku, kaso sai ga wanda ke kwana a garin.

Sai ga wanda ke kwana a garin. Sau uku na karanta, ko idona ne.

Juma'a, 27 ga Satumba

Ta zo cin abincin rana. Kafin ta zauna sai da ta ɗaura mini abin awon nan a hannu, ta matsa, ta yi tsaki. Wai jinina ya hau, wai in bar jan nama. Na ce ta bar ni da jinina, nawa ne.

Ta fara. Ba watanda kaɗai ba, in ji ta, kowane biki sai an kayar da sa, kowace ranar kasuwa sai an dawo da kitse a leda. Mutanen da suke hawa dutse da ƙafa yanzu suna zaune gaban talabijin, ita ke ganinsu a asibiti baki a karkace. Kuma don a ƙosar da shanun nan ne ake shanye ruwan gari.

Na bar ta ta gama. Na ce, "To ƙanenki fa? A ina yake kwana?"

Ta ajiye cokali. "Baba, ni ma ƙanena ne."

"Shi ya sa kika goge shi da hannunki?"

Ta tashi ta fita, kuskus ɗinta ko rabi ba ta ci ba. Farruja ta kwashe kwanuka, ko kallona ba ta yi ba. Gara ta zage ni.

Lahadi, 29 ga Satumba

Famfo a bushe. Farruja ta yi layi a marmaro tun hantsi, ta dawo da jarka biyu, ɗaya rabi.

Laraba, 2 ga Oktoba

Si Rabah ya zo da kansa, shi da tumbinsa da turarensa, yaronsa na biye da cinyar sa a kafaɗa. Shi ne mai garken nan, shi muke sayen shanun watanda a hannunsa, shi kuma yake takara da Tiziri. Ban taɓa sonsa ba. Mutumin da zai shayar da sa ruwan gishiri kafin a auna shi.

"Dda Mukran, kai ne uban al'adar nan. Yarinya ce, karatu ne ya yi mata yawa. Muddin ina numfashi ba mai taɓa kason Lunis."

Na karɓi cinyar. Ba zan ɓoye wa takarda ba, na ji daɗi. Tun da aka fara rigimar nan shi ne mutum na farko da ya ambaci sunan yaron da bakinsa.

Juma'a, 4 ga Oktoba

Ban san yadda zan rubuta wannan ba.

Si Rabah ya yi gangami a dandali bayan masallaci, da lasifika, da tsiren da ake rabawa kyauta. Aka ba ni kujera a gaba. Ya yi ta ihu: yau nama, gobe su ce zaitun ma yana da illa, jibi su hana mu haihuwa. Jama'a na ta tafi. Sai ya ɗaga hoton Lunis, wanda ya ɗauka ranar da ya gama bautar soja, an buga shi ƙato. Ban san wa ya ba shi ba.

Ya ce, "Wannan yaron, teku ta kashe shi sau ɗaya, yanzu yayarsa tana so ta kashe shi sau na biyu!"

Aka yi tafi. Tafi sosai. Na waiga ina neman wanda zai tashi ya ce, haba Si Rabah, wa ya ce maka ya mutu? Ko ɗaya. Maƙwabtana, waɗanda duk Idi suke ce mini in sha Allah yana hanya. Ashe duk sun daɗe da binne shi, ni kaɗai ake lallaɓawa.

Akli ne kaɗai bai tafa ba. Ya dafa gwiwata ya ce, "Tashi mu tafi, tsohon banza, tsiren ma bai gasu ba."

Ragowar cinyar nan na aika wa dattijuwar maƙwabciyarmu Nna Sakura. Ba zan iya ganinta a gidana ba.

Litinin, 7 ga Oktoba

Akli ya rasu.

Jiya a bikin jikarsa, yana tsakiyar ba'a da ango, faranti ya suɓuce daga hannunsa. Bakinsa ya karkace. Tiziri ta durƙusa a kansa da kayan bikinta tana danna ƙirjinsa, tana cewa, "Dda Akli, kar ka yi mini haka, Dda Akli." Kafin mota ta sauka dutsen an gama.

Mun kai shi yau. Ni na riƙe kan makara.

Laraba, 9 ga Oktoba

Samarin da ke bin Tiziri sun rubuta a bangon makaranta: NAMA YA KASHE DDA AKLI. Ƙasar kabarinsa ko bushewa ba ta yi ba. Ta sa sun goge, ta yi musu tatas a gaban mutane, amma an riga an karanta. Mutanen Si Rabah kuma suna cewa wa'adi ne, ko ciyawa yake ci zai mutu, wai likitar da ta kasa ceton mutum ɗaya ita za ta ceci gari.

Tir. Wannan ya ɗaga ɗana, wancan ya ɗaga abokina. Duk don kujera ɗaya mai ƙafa huɗu.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Na hau gona, rabona da ita tun bazara. Zaitunan da Lunis ya yi wa aure da hannunsa, waɗanda gobara ta cinye shekarar da ya tafi. Don su ya tafi ai. Ya tsaya a cikin toka ya ce, "Baba, me zan jira a nan?"

Kututturan sun yi toho, wallahi sun yi. Amma shanun Si Rabah suna ciki, sun fi ashirin, suna tsinke tohon ɗaya bayan ɗaya kamar an dafa musu. Na yi ta jifansu har kafaɗata ta riƙe. Makiyayin ya ce, "Dda Mukran, ai kai namu ne." Na ce masa abin da ba zan rubuta ba.

Ban ce yarinyar tana da gaskiya ba. Na dai ga abin da na gani.

Juma'a, 11 ga Oktoba

Taron gari. Tun da nake ban taɓa ganin irinsa ba, har an ɗaga sanda. Wani ya ce kakanninmu tara suka yanka. Wani ya ce kakanninmu ba su yi layin jarka ba. Aka tambaye ni, na ce ni mai kasa nama ne, abin da aka kayar shi zan kasa. Si Rabah ya kalle ni kamar na sace masa sa.

Aka ɗaga hannu. Uku ta ci, da ƙyar. Kaso sai ga mazauna gari.

Na miƙe zan fita. Sai na ji muryar Tiziri daga bakin ƙofa, inda mata suke tsayawa. Ta ce tana roƙon dattawa alfarma ɗaya. A bar kason Lunis a sahun masu rai har ranar da mahaifinsa ya ce a cire.

Wani daga mutanen Si Rabah ya ce, "Ah to! Doka ta tsaya a ƙofar gidan likita." Aka yi dariya. Ta san za a faɗa, ta san abin da zai jawo mata ranar zaɓe. Ba ta sunkuyar da kai ba. Dattawa suka amince, ba wanda ya yarda ya haɗa ido da ni.

A hanya na gamu da Nna Sakura. Ɗanta yana Faransa, lafiyarsa ƙalau, duk Juma'a yana kiranta, an cire nasa. Ta ce, "Ba komai, Mukran, nawa zai iya sayen nasa." Da kyakkyawar zuciya ta faɗa. Shi ya fi ciwo.

Na samu abin da nake so. Tausayi aka ba ni, ba kaso ba.

Laraba, 16 ga Oktoba

Farruja ta sauke busasshen naman Lunis ta duba. Na shekarar farko ya yi baƙi, ƙwari sun huda shi. Ta zauna a bakin ƙofa tana karkaɗewa da tsohon buroshi, ta mayar da shi kan igiya. Ta sayo gishiri don na bana.

Na ce, "Farruja." Ta ce, "Na'am." Shi ke nan.

Juma'a, 18 ga Oktoba

An yanka. Shanu uku. Kowane kaso bai cika tafin hannu biyu ba, amma na saka wa kowa tsoka da ƙashi da ɗan hanta, ba wanda zai ce na yi son kai. Yara ba su yi murna kamar da ba. Na gaji.

Asabar, 19 ga Oktoba

Jiya ban rubuta duka ba.

Da aka watse na saka kasonmu huɗu a kwando na kamo hanyar gida. Ta marmaro na bi, ita ce ta fi kusa. Kafaɗar nan da na yi jifa da ita har yanzu ba ta saki ba, sai na sauke kwandon a gefen dutse in huta. Kason Akli yana kai, ni na ajiye shi da rana, shi kaɗai ne ya mutu bana. Ɗan tsibi ɗaya a kan wannan ƙaton dutse.

Akli ba ya iya cin abinci shi kaɗai, kowa ya sani. Ko gyaɗa ya saya sai ya nemo wanda zai dama da surutu. Kuma shi ya koya wa Lunis auren zaitun.

Kwandon dai ya fi sauƙin ɗauka daga nan zuwa gida.

Farruja ta buɗe ta duba. Na ga bakinta yana ƙirgawa. Uku ta samu. Ta ɗauki ledar gishirin ta ƙulle bakinta, ta hau kujera ta ajiye can saman kanta. Ta daɗe a kan kujerar ta juya mini baya. Tiziri ta shigo ta same mu haka, ta dubi kwandon, ta dube ni. Ta zo ta zauna a ƙasa kusa da ƙafata kamar lokacin tana ƙarama. Ba ta ɗaura mini abin awo ba.

Yau da safe na bi ta marmaro, in ga ko ruwa ya ƙaru. Bai ƙaru ba. Dutsen ba komai a kai, wani ya ɗauke duka biyun, yau akwai gidan da za a ci nama. Na yi wa Akli addu'a, na ce Allah Ya kai ladan kabarinsa. Na buɗe baki in faɗa wa Lunis haka, sai na tuna ba shi da kabari.

Na ce Allah Ya kai masa, inda yake.