Kurar da Jikarki Ta Sani

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta 'ya da uwa, da fatan Allah ya ƙara haskaka makwancinki a maƙabartar Baƙi'a, na zo miki da labarin jikarki Rawan. Da kina nan sai kin yi dariya har kin riƙe ciki.

Kin bar ta tana jin Hausa tana mayar da amsa da Larabci, kuma har kwanan baya haka take. Abin yana cina a rai, Inna. Ina tsoron kada harshenki ya ƙare a kaina.

A jami'a aka ba su aiki a kan wata baturiya ta ƙasar Ayilan. Bayan mijinta ya rasu, matar ta riƙa shiga ƙauyuka tana zama da tsofaffi, tana rubuta tatsuniyoyinsu, a lokacin da harshensu ke neman ɓacewa a bakin yara. Daga baya ta rubuta wasannin kwaikwayo da irin maganar mutanen nan, har ita da abokan aikinta suka kafa gidan wasa. Rawan ta dawo gida baki har kunne, wai ita ma haka za ta yi da tatsuniyoyin Sittinta, wato ke kakarta. Na ce Sitti dai ta tafi, sai mu bi ƙawayenta.

Haka muka riƙa tashi daga unguwarmu Ƙurban bayan la'asar zuwa unguwar Awali, wurin aminiyarki Hajiya Kande. Ta cika mu da dabino da gahawa, Rawan ta ajiye waya tana naɗar tatsuniyoyin da take ba mu. A ciki ta zaɓi wadda kika fi so, ta kurar da ta shiga gidan biki ta ce ita ce gwaggon amarya, alhali awakin gidan take hange. Ta mayar da ita wasa, 'yan matan dangi za su yi ranar Sallah.

Ranar gwaji a gaban Hajiya Kande, jikarki ta buɗe jaka ta fito da ƙwallon ƙafa, ta zana masa idanu da haƙora. Hajiya ta ce, "Wannan fa, ya binti?" Rawan ta ce da Larabci, "Hadi kura, ya hala," wato wannan kura ce, gwaggo.

Inna, kin gane? Kura da Larabci ai ƙwallo ce. Tun tana kan cinyarki yarinyar nan ta ɗauka ƙwallo ce ke mirginowa ta cinye awaki, kuma ba ta taɓa tambaya ba!

Hajiya ta yi dariya har mayafinta ya zame. "Wallahi kin kashe ni! Ƙwallo da cin akuya?" Ni ma na dara, sai na ga fuskar Rawan ta canza. Ta ɗauki ƙwallonta ta fice cikin itatuwan dabino na gonar gidan. Irin wannan dariyar ce ta rufe mata baki tun tana ƙarama. Na ce shi ke nan, mun sake rasa ta.

Can sai ga ta. Ta durƙusa gaban Hajiya, da Hausarta mai ɗingishi ta ce, "Hajiya, ni ban san shi ba. Yaya kukan shi?" Tsohuwar nan ta gyara zama ta yi kukan kura, har mai ban ruwan gonar ya leƙo ta katanga.

An yi wasan da Sallah. Rawan ta ƙi jefar da ƙwallon, ta ce shi ne ƙanin kura, kuma ita ta ba da labarin daga farko har ƙarshe da Hausa. A Hausarta ta mayar da mace namiji ya fi sau goma, ba wanda ya gyara mata.

Jiya da safe ta gaishe ni, "Mama, kin tashi lafiya?" Bakina ya riga ni, na ce da Larabci, "Bikhair, ya habibti." Ta tsaya ta dube ni. "Da Hausa, Mama. In ba ki amsa ba, da wa zan yi?"

Kunya ta kama ni, Inna. Shekara da shekaru ina ɗora wa yarinya laifi, ashe ni ce na fara daina amsawa. Na ce mata lafiya lau.

Allah ya jiƙanki, ya yafe miki, ya sada mu a Aljanna. In mun haɗu, za ta gaishe ki da bakinta, ba sai na fassara ba.

'Yarki mai kewarki,
Balki