Ba Zan Ƙona Kaset-kaset Ɗinka Ba

Unguwar Dokki, Alƙahira

Assalamu alaikum, Baban Hadiza.

Na san ba za ka karanta wannan ba, amma da kai na saba shawara, kuma ba yanzu zan canja ba.

Na fita takaba. Hadiza ta ci jarrabawarta a jami'a. Ɗanka Sani na nan da taurin kansa, ni ma ina nan da nawa.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Wani ɗalibi cikin 'yan gaisuwa ya ga hoton Iblis mai ƙaho a teburinka, ya ga kaset-kaset na tsofaffin waƙoƙin coci da kake fassarawa don digirinka. Bai tambayi kowa ba. Ya fita ya baza cewa ka mutu da ƙafa ɗaya a coci. Magana ta kai gida Zariya. Yayanka Alhaji ya aiko in ƙona komai, in kwaso yara mu dawo kafin sunan gida ya ɓaci.

Ka sani, ni ma ban taɓa son waƙoƙin nan a gidana ba. Sau nawa na sa ka rage murya? Amma akwai abin da ban faɗa maka ba: ina wanke-wanke, kunnena yana wurin bayanin da kake wa Hadiza. Ka ce mawaƙan sun kira Shaiɗan maciji, sun kira shi zaki mai yunwa, amma sunan da suka fi tsoro shi ne mai ƙarar bayin Allah, wanda ba shi da aiki sai tono laifin wasu. Na riƙe wannan. Wa ya fi ni sanin sallarka? Wa ke tashinmu da asuba?

Ko takarda ɗaya ba zan ƙona ba. In na ƙona, na yarda ke nan gaskiya suka faɗa, 'ya'yanka su rayu kai a sunkuye. Haka na rubuta wa Alhaji, cikin ladabi. Ɗalibin kuwa na sa aka kira min shi, na karanta masa hukuncin yi wa mamaci ƙazafi har shayinsa ya huce bai taɓa ba.

Hadiza za ta ƙarasa babin da ya rage a littafin digirinka. Malaminka ya yarda ya duba, a buga da sunanka. Sai littafin ya fito za mu hau jirgi, in ajiye shi gaban Alhaji da hannuna, ya karanta.

Allah ya haskaka kabarinka, Malam.

Matarka har gobe,
Rabi